Kayan da ke juyowa daga Agadas

Kowa a Tayuri ya san yadda kaya ke gangarawa kudu: taliya, dabino, katifu, batiran sola, a bi ta Gatrun da Tummo, a ratsa Madama da Dirku har Agadas. Abin da ba a cika zancensa ba shi ne kayan da ke juyowa. Batir ya ƙi riƙe wuta, ko injin ban ruwa ya ƙi tashi, mai saye ya ce a karɓi abinsa. Nan riba ke tsiyayewa, don kuɗin motar dawowa kan cinye ta duka.

Da can sai kawai a ɗora a mota. Ya yi makonni a hanya, ya iso kwali a yage, ba a san wurin wane dila aka saro shi ba. Dilan Sabha kuwa ba ya musanya kaya da fatar baki.

Yanzu kwali ba ya barin shagona sai na rubuta masa lamba, na ɗauki hotonsa da rasit da lambar jikin injin, na tura wa mai saye ta WhatsApp. In ƙorafi ya taso, bidiyo nake fara nema: Alhaji, a kunna ina gani. Sau da yawa ɗan abu ne, fulogi ko fis. Sai in sa a biya makaniki a Agadas ta Nita, magana ta ƙare. Wanda ya mutu murus ne kaɗai ke hawa mota, shi ma sai dila ya ga bidiyon ya ce a kawo. Sannan in yi cigiya a zauren direbobi, wa ya sauke kaya zai juyo da fili? Farashinsa ya fi sauƙi.

Kada dai yaro ya ruɗe ka da manhajar da ke nuna mota a taswira. Mafi yawan hanyar nan babu sabis, sai Thuraya, kuma ba kowane direba ke son a san inda yake ba.

Mataccen batir ne ba na bari ya tako hamada. Nauyi gare shi, kuma dalmar cikinsa kuɗi ce a wurin 'yan gwangwan. A sayar musu a can, a turo min hoton sikeli, in cika wa mai saye sauran. Ya fi a jefar da shi bayan gida inda yara ke wasa. Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma irinta ce a cikin batir.