Jitar lantarki mai araha: Inda masu ƙera ta ke rage kuɗi, da inda mai saye ke biyan ragowar

Mahamadou Souleymane, makaɗin Jamhuriyar Nijar da duniya ta sani da Mdou Moctar, bai fara kiɗa da jitar kanti ba. Da hannunsa ya haɗa ta farko, da katako da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya, a gidan da ba a maraba da kiɗa. Ibrahim Ag Alhabib, jagoran ƙungiyar Tinariwen ta Mali wadda ta ci kyautar Grammy a 2012, shi ma da gwangwani da sanda da wayar keke ya fara. Ƙungiyar Etran de L'Aïr ta Agadas, wadda aka kafa a 1995, da jita ɗaya tak marar lantarki ta soma zuwa gidajen biki, ana dukan ƙwarya da takalmi a madadin ganga.

Waɗannan labarai sun isa su kwantar da hankalin matashin da ke Kano ko Damagaram ko Jos, wanda ke sha'awar jitar lantarki amma aljihunsa bai kai ga ta Amurka ba. Jita mafi araha da ke rataye a kanti yau ta fi abin da waɗancan gwanaye suka fara da shi nesa ba kusa ba. Sai dai farashin da ɗan kasuwa ya faɗa ba shi ne dukan kuɗin da za a kashe ba, kuma yawancin abin da ke sa sabon makaɗi ya jingine jitarsa a lungu bayan wata uku ba a jikin katakon yake ba.

Yadda jita ta yi araha

An fara sayar da jitar lantarki a Amurka a farkon shekarun 1930, amma wanda ya mayar da ita kayan masana'anta shi ne Leo Fender, mai gyaran rediyo a jihar Kalifoniya, wanda shi kansa ba makaɗin jita ba ne. Dabararsa mai sauƙi ce: a yanka gangar jiki daga falankin katako, a ƙera wuya daban, a ɗaure su da kusoshi huɗu. Idan wuya ya lalace a kwance shi a sa wani. Da wannan tsari ya fito da jitar da daga baya aka sa wa suna Telecaster a 1950, sannan Stratocaster a 1954. Siffar Stratocaster ce aka fi kwaikwaya a duniya har yau, kuma ita ce aka fi gani a hannun makaɗan Agadas.

A shekarun 1970 kamfanonin Japan suka ƙware wajen kwaikwayon jitocin Amurka, suna sayarwa a farashi mai rahusa. Da Fender ya ga kasuwa na suɓuce masa, sai a 1982 ya fara ƙera nasa samfurin mai araha a Japan ɗin, da sunan Squier. Gibson ya bi irin wannan hanya da sunan Epiphone, kamfanin da ya saya tun 1957, Yamaha kuma ya fito da jerin Pacifica a 1990. Da kuɗin ƙwadago ya hau a Japan aka koma Koriya ta Kudu, daga nan zuwa Sin da Indunusiya, inda ake ƙera mafi yawan jitoci masu araha a yanzu.

Wani sauyi da ya fi wannan tasiri shi ne shigowar injinan yankan katako da kwamfuta ke sarrafawa. Irin injin da ke yanka jitar da ake sayarwa kusan dala 200 shi ke yanka wadda ta haura dala 1,500, kuma awonsa ba ya kuskure don jitar ta talaka ce. Saboda haka karin maganar da ke cewa araha ba ta ado, a nan rabin gaskiya ce. Gangar jiki da wuya sukan fito daidai. Inda ake tsuke kuɗi shi ne aikin hannu na ƙarshe da ƙananan kayan da ake ɗaurawa.

Inda aka tsuke

Ma'aikaci a masana'antar da ke fitar da ɗaruruwan jitoci a rana ba shi da lokacin da zai zauna ya goge kowane ɗaya daga cikin 'yan ƙarafa ashirin da ɗaya ko ashirin da biyu da ke gicciye a wuya. Shi ya sa ake samun jitar da wani ƙarfenta ya ɗara saura tsawo, tsirkiya tana gogarsa tana zuza. Makunnan ɗaure tsirkiya sukan yi sako-sako, sauti ya riƙa zamewa ana cikin kiɗa. Ramin da ake cusa waya yakan kwance. Ƙarƙashin tsirkiyoyin kuma akwai na'urar ɗaukar sauti, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai; idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa sai ya haifar da 'yar ƙaramar wuta, ita ce amfilifaya ke ƙarfafawa har ta fito ta lasifika. A jita mai araha ana amfani da maganaɗisu mai sauƙin kuɗi, kuma ba a cika shafe cikin ramin wayoyin da abin da ke tare hayaniyar lantarki ba.

Duk waɗannan suna gyaruwa, kuma da kuɗi kaɗan. Babban abin da ke raba jitar da ake jin daɗin kaɗawa da wadda ke yanka yatsu shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wuya. A tsakiyar wuya, wajen ƙarfe na 12, bai kamata ta wuce kimanin milimita biyu ba. Jitoci da yawa suna isowa kanti da tazarar da ta ninka haka, kuma ɗan koyo, da yake bai san yadda ya kamata ta kasance ba, sai ya ɗauka hannunsa ne ba ya iyawa. Wanda ya san aikin zai daidaita ta cikin awa guda da ɗan makulli da sukundireba. Matsalar ita ce masu wannan sana'a ba su da yawa a garuruwan Arewa. Waƙoƙin finafinan Hausa a kan fiyano da kwamfutar situdiyo suka ginu, ba a kan jita ba, don haka sau da yawa a wurin makaɗan coci-coci da na otal-otal ake samun wanda ya iya, mai gyaran rediyo kuwa ya isa ya like wayar da ta tsinke da dalma.

Jabu ba araha ba ce

Akwai bambanci tsakanin jita mai araha da ke ɗauke da sunanta na gaskiya da jabun da aka manna wa sunan Fender ko Gibson. A watan Nuwamban 2024 hukumar kwastan ta Amurka ta sanar da kama jabun jitocin Gibson fiye da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Idan har masu wannan fatauci sun yi ƙarfin halin tura kaya ƙasar da kamfanin yake, babu dalilin zaton sun tsallake kasuwannin Afirka ta Yamma. Gibson a Amurka kaɗai yake ƙera jitocin da ke ɗauke da sunansa. Sabuwa fil a farashin Squier, jabu ce, ko me mai kanti ya rantse da shi. Mai ƙera jabu a kan tambari yake kashe kuɗinsa, ba a kan wuya ba, kuma ba shi da sunan da zai kare. Jitar da ta fito da sunan wani ƙaramin kamfani na Sin ta fi ta zama abin dogaro.

Farashin kansa ya dogara da gefen iyakar da mutum yake. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan Naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024, kuma duk jita da tsirkiya da amfilifaya shigo da su ake yi. Mai saye a Nijar bai ga irin wannan tsalle ba, domin kuɗin Sefa a ɗaure yake da Yuro. Wannan ne ya tura mutane da dama a Najeriya wajen kayan hannu, inda ake samun alheri, ake kuma samun haɗarin da ya fi kowane girma.

Wuta

Jitar lantarki ba ta da murya sai da amfilifaya, kuma ra'ayin makaɗa da yawa shi ne jita mai araha a kan amfilifaya mai kyau ta fi jita mai tsada a kan marar kyau daɗin ji. 'Yar ƙaramar da ake haɗawa da jita a kwali ɗaya, mai ƙarfin wat 10 ko 15, ta isa ɗaki, amma ba za ta yi gogayya da ganga a filin biki ba.

Amfilifayar hannu da ta fito daga Amurka an yi ta ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, alhali wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 230. Jona ta kai tsaye ba tare da taransifoma mai rage wuta ba ƙona ta ne nan take. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Abin da ya fi shi muni shi ne rashin wayar ƙasa. A cikin yawancin jitocin lantarki akwai wayar da ta haɗa tsirkiyoyi da ƙarfen jikin amfilifaya, an sa ta ne don rage gunjin da ke fita ta lasifika. Ma'anar haka ita ce yatsun makaɗi a jone suke da na'urar. Idan wani abu ya lalace a ciki, kuma soket ba shi da wayar da za ta kai wutar ƙasa, jikin mutum ne zai zama hanyarta, musamman idan leɓensa ya taɓa makirfo ko yana tsaye ba takalmi a ƙasa mai danshi. Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows haka ya mutu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya a 1972, yana da shekara 27, bayan ya taɓa makirfon da ba a haɗa da ƙasa ba. Keith Relf, tsohon mawaƙin Yardbirds, wuta ce ta kashe shi a gidansa a 1976 yana kaɗa jita.

Waɗannan sun faru ne a ƙasar da ke da dokokin jan waya. A wuraren da ake kiɗa da ƙaramin janareta, da doguwar waya mai baki biyu, da filogin da aka karya wa ƙafa ta uku don ya shiga soket, yanayin da ya kashe su shi ne yanayin yau da kullum. Duk makaɗin da ya ji tsirkiya tana ɗan cizonsa, ko makirfo yana tsunkulin leɓensa, gargaɗi ne aka yi masa, kuma mai gyaran wuta ya kamata a kira kafin a ci gaba. Ga mai koyo a gida, amfilifaya mai batir ta kawar da matsalar gaba ɗaya: Micro Cube ta kamfanin Roland, alal misali, da ƙananan batura shida take aiki, ba ruwanta da ɗauke wuta.

Hunturu da tsirkiya

Masu ƙera jita suna ba da shawarar a ajiye ta inda danshin iska yake wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A lokacin hunturu danshin iskar Sahel yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katakon wuya sai ya tsuke, ƙarafan gicciye kuwa ba sa tsukewa, sai bakinsu ya fito ta gefe yana karce hannu. Wuyan ma yakan ɗan lanƙwashe, ya sake komawa da damina. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake murɗawa don miƙe shi, amma kaɗan-kaɗan ake yi, rubu'in zagaye a lokaci guda, domin wanda ya matsa da ƙarfi yana iya karya ta, kuma gyaranta kan kai kuɗin jitar. Ƙura tana shiga makunnan ƙara sauti ta sa su ƙarar-ƙarar. Jaka mai zif da tsumman goge tsirkiya bayan kiɗa sun fi yawancin kayan ƙawar da ake tallatawa amfani.

Tsirkiya ita ce kuɗin da ba ya ƙarewa. Gumi yana sa ta tsatsa, mafi sirantar cikin shidan tana yawan tsinkewa, kuma ba a iya maye ta da ta roba irin ta wasu jitocin marasa lantarki, tunda maganaɗisu ƙarfe kawai yake ji. Wanda ke zaune nesa da babban birni gara ya sayi ƙunshi biyu ko uku ranar da ya sayi jitar. Bahago kuma yana da ƙarin wahala, domin jitar hagu ba ta cika zuwa kantunan yankin ba. Da yawa sukan juya ta dama su sake jera tsirkiyoyin, kamar yadda Jimi Hendrix ya yi.

Mdou Moctar, wanda shi ma bahago ne, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da salon situdiyon waƙoƙin Hausa na lokacin. Ba kamfani ne ya yaɗa waƙoƙin ba. Daga waya zuwa waya suka bi ta Bluetooth da katin ajiya har suka ƙetare hamada, inda Ba'amurke Christopher Kirkley ya ji ɗaya ya saka ta a kundin Music from Saharan Cellphones a 2011. A yankin Tawa kuma, Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad, ɗaya daga cikin matan Abzinawa ƙalilan da suka yi suna da jita, a kan jitar ɗan'uwanta ta koya wa kanta kiɗa, tana ɗauka idan ba ya gida.