Yadda Masu Ciwon Daji Suke Son A Sanar Da Su

A shekarar 1961 wani likita a Amurka, Donald Oken, ya tambayi takwarorinsa, ya tarar kusan kashi 90 cikin 100 ba sa gaya wa majiyyaci cewa ciwon daji ne ya kama shi, bisa zaton ɓoyewar jinƙai ce. Amma da aka maimaita tambayar, a binciken da aka wallafa a 1979, sai al'amari ya juya, kashi 97 suka ce faɗa suke yi.

Saura ladabin faɗar, wanda shi ne mai wuya. Galibin majiyyatan da aka bincika, muradinsu shi ne likitan da ya san su ya gaya musu baki da baki a keɓantaccen ɗaki, yana zaune, idonsa ba ya kan agogo, da lafazin da kowa zai fahimta, sa'an nan ya yi shiru har su tattara hankalinsu su yi tambaya. Tsarin SPIKES mai matakai 6, wanda Walter Baile da abokansa suka wallafa a 2000, ya shardanta a fara jin abin da majiyyaci ya sani da gwargwadon abin da yake son sani, domin akwai mai neman cikakken bayani har da ƙiyasin kwanaki, akwai kuma wadda za ta ce a yi magana da mijinta.

A Japan a da, haka ma a wajenmu, dangi sukan roƙi likita ya rufe maganar, da kyakkyawar niyya kuwa, alhali wataƙila mutumin yana da wasiyyar da zai bari da bashin da zai sauke.