Allurar Ƙeya Domin Ciwon Kai Mai Naci

Duk wanda ya zauna a Turawa, ko wani ƙauye na ƙasar Karaye da Rogo, ya san cewa idan ciwon kai ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, bayan an sha farasitamol na kemis har an gaji, wurin wanzami ake nufa ya kafa ƙaho a ƙeya, al'adar da malamai ke kafa wa hujja da ruwayar Buhari cewa Manzon Allah (SAW) ya yi ƙaho a kansa saboda ciwon ɓarin kai. Likitocin zamani ma a ƙeyar suka sami wata mafita, domin akwai jijiyoyin ji guda biyu, dama da hagu, masu fitowa daga wajen ƙashin wuya na biyu su haura tsakiyar kai, waɗanda idan aka kwantar da su, galibi ciwon yakan lafa.

A da, da yatsa likita ke laluben wurin kafin ya soka allura, alhali jijiyar tana maƙwabtaka da hanyar jini. Amma a 2010 Manfred Greher na ƙasar Ostiriya da abokan aikinsa suka bayyana yadda za a ɗora na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, a bayan wuya, a ga jijiyar ƙuru-ƙuru, a bi allurar da ido har ta isa, sannan a zuba ɗan maganin kashe zafi, wani lokaci haɗe da na kumburi. Aikin na 'yan mintoci ne, sauƙin kuwa yakan ɗauki makonni, wani sa'in watanni.

Sai dai wajibi ne mai karatu ya fahimci cewa wannan sassauci ne, ba warkewa ba, kuma sharaɗinsa a fara gano sababin ciwon, tunda yawan shan maganin ciwon kai, kwana 15 ko fiye a wata, shi kansa yana haddasa shi. Wanda ciwonsa ya zarce wata 3 haka, ya fara da asibitin Karaye ko Rogo, ya nemi takardar zuwa babban asibiti irin na koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ƙwararrun jijiya suke. Wanda kuwa nasa ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, kada ya kwana gida, don alamar sanƙarau ke nan.