Ko Ka Sani? Zoɓo Na Iya Samar da Wutar Lantarki

Jan launin zoɓo, wanda ake samu daga yakuwar da manoman Dutsin-Ma da Kurfi ke shukawa a gefen gonakin gero da dawa, yana iya mayar da hasken rana wutar lantarki. Sinadarin da ke ba shi wannan launi sunansa antosayanin. Shi ne ke kama haske a wani irin farantin sola da ake haɗawa da rini maimakon silikon.

Masana biyu, Brian O'Regan da Michael Grätzel na birnin Lozan a Suwizalan, su suka fito da wannan fasaha a 1991, da rinin da aka haɗa a ɗakin gwaji. Daga baya masu bincike a ƙasashe da dama, har da jami'o'in Najeriya, suka gwada rinin tsirrai irin su zoɓo da lalle, ya kuma yi aiki.

Ana haɗa farantin da gilasai biyu masu shafin da lantarki ke bi. Ɗaya a shafa masa titaniyam dayoksaid, wato farar hodar da ake sa wa fenti da man goge baki, a gasa shi, sannan a tsoma shi cikin ruwan zoɓo har ya rinu. Ɗayan kuma a shafa masa baƙin hayaƙin kyandir. Sai a manna su, a ɗiga ruwan aidin a tsakani.

Da rana ta haska, rinin kan saki ƙwayoyin lantarki. Farar hodar ta karɓe su, su bi waya su yi aiki, su dawo ta gefen baƙin, aidin ya mayar wa rinin abin da ya rasa. Haka zagayen ke ci gaba muddin akwai haske.

Sai dai ƙarfinsa kaɗan ne. Farantin zoɓo yakan mayar da ƙasa da kashi 1 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, alhali farantin silikon na kasuwa kan kai kusan kashi 20. Rinin kuma yana koɗewa a rana. Don haka bai isa haskaka gida ba tukuna. Amma kayan haɗinsa masu araha ne, har ɗaliban kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ko a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, za su iya haɗa shi su auna wutarsa da kansu.