GBWhatsApp ba mafakar sirri ba ce: gaskiya da ƙarya a saƙon da ke yawo

Wani saƙo da ke zagaya guruf-guruf na dangi, na tsofaffin ɗalibai da na 'yan kasuwa yana gargaɗin masu amfani da WhatsApp cewa asirinsu ya tonu. Wai kamfanin ya fara karanta hirar mutane yana miƙa wa hukuma, wai maki uku a gefen saƙo alama ce gwamnati ta gani, wai kuma za a fara cazar kuɗi ga duk wanda bai tura gargaɗin ga mutum goma ba. A ƙarshe sai ya kawo magani: a sauke GBWhatsApp ta adireshin da aka liƙa a ƙasa, domin ita ce ba a iya leƙawa, ko kuma a koma Telegram. Kamar sauran ire-irensa, babu sunan marubuci, babu kwanan wata, babu inda aka samo labarin, sai roƙon a yaɗa don Allah.

Biyu daga cikin waɗannan maganganu ba su cancanci dogon bayani ba. Babu maki uku a WhatsApp: ɗaya ruwan toka na nufin saƙo ya fita, biyu na nufin ya isa wayar, biyu shuɗaye na nufin an buɗe. Kuɗin shekara kuwa, kusan dala ɗaya da ake karɓa a da, an soke shi tun Janairun 2016, kuma kamfanin da ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a 2019 don rage jita-jita ba zai dawo ya ce a tura wa goma ba.

Batun karanta hira ya fi su nauyi, domin ƙarya ce da aka jingina da gaskiya. Tun Afrilun 2016 rubutu, hotuna, saƙon murya da kira a WhatsApp suna tafiya ne a kulle daga wayar mai aikawa har wayar mai karɓa, bisa tsarin da masu manhajar Signal suka ƙirƙira. Mabuɗin yana cikin wayoyin biyu. Ba ya hannun kamfanin, ba ya hannun kamfanin layi. Akwai ƙofofi biyu da ya kamata a sani. Idan mutum ya kai ƙarar wani a cikin manhajar, saƙonni biyar na ƙarshe na wanda aka kai ƙara suna isa ga kamfanin. Sannan ajiyar hira da ake yi a Google Drive ko iCloud ba ta samun irin wannan kulle sai mai waya ya kunna shi da hannunsa, zaɓin da aka kawo a 2021.

Abin da kamfanin ke gani shi ne abin da ke kewaye da hirar: lambar waya, irin wayar, adireshin intanet da aka hau da shi, lokutan da aka hau, sunayen guruf, da lambobin da ke cikin waya idan an ba da izini. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Facebook, wanda yanzu ake kira Meta, ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kusan dala biliyan 19, kuma talla ce sana'arsa. A Janairun 2021 sabbin sharuɗɗan da aka ce dole kowa ya amince da su sun tayar da ƙura har aka ɗage wa'adin daga Fabrairu zuwa Mayu. A Yulin 2024 hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye a Najeriya ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasar, kuma kotun sauraren ƙararrakin gasa ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. Saboda haka uwar da ta tura wa 'ya'yanta wannan gargaɗi ba wauta ta yi ba, tsoronta yana da tushe. Laifin na wanda ya ɗauki wannan tsoro ya liƙa masa adireshin sauke fayil ne, kuma a nan ɓarnar take.

GBWhatsApp, da 'yan uwanta irin su FMWhatsApp, YoWhatsApp da WhatsApp Plus, ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba. Wasu mutane ne da ba su bayyana kansu ba suke ɗaukar manhajar asali, su farke ta, su cusa abin da suke so, su sake ɗinke ta su rarraba. Ba a samunsu a Play Store. Shi ya sa ake sauke su daga shafukan da ba a san masu su ba, ko a karɓa ta Xender daga wayar aboki, ko a ɗora wa mutum a shagon turi tare da waƙoƙi da fina-finai. Kafin su shiga, sai an kashe katangar da Android ta yi wa fayilolin da ba a san asalinsu ba. Babu ma GBWhatsApp guda ɗaya: shafuka barkatai suna rarraba fayiloli mabambanta da wannan suna, kowane yana cewa nasa ne na asali.

Abin da ya sa suka karɓu a fili yake. Suna ba mutum damar ɓoye cewa yana kan layi, ya karanta saƙo ba tare da maki ya yi shuɗi ba, ya kalli abin da wani ya ɗora ba a ga sunansa ba, ya sauya launi da rubutu. Ga wanda ke fama da masu cewa "na ga ka karanta ba ka amsa ba", wannan sauƙi ne na gaske, kuma shi ne abin da yawancin mutane ke nufi idan suka ce manhajar tana da sirri. Sai dai ɓuya daga idon dangi da abokai daban, tsare hira daga baƙon da ba a gani daban. GBWhatsApp tana ba da na farko, ta karɓe na biyu.

Dalilin yana cikin yadda kullen yake aiki. Saƙo yana kulluwa ne bayan an rubuta shi, ya buɗe kafin a karanta shi, kuma manhajar da ke cikin waya ce ke yin aikin biyu. Misalinta shi ne mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya: komai ƙarfin liƙin ambulan, shi ya riga ya ji abin da ke ciki. Wanda ya ɗora manhajar da wani ɓoyayye ya sake wa ciki ya danƙa wa wannan ɓoyayyen hirarsa tun kafin a kulle ta. Ƙari a kan haka, manhajar tana neman izinin shiga lambobi, hotuna, makirufo, kyamara da saƙonnin tes, kuma mutane suna bayarwa ba tare da tunani ba, tunda ta asali ma tana neman irinsu.

Wannan ba hasashe ba ne, an kama su da hannu a ciki. A Agustan 2021 kamfanin tsaron intanet na Kaspersky ya gano wata muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wani kwafin FMWhatsApp. Tana iya sanya mai waya cikin tsare-tsaren da ke cire masa kuɗi bai sani ba, tana iya karanta saƙonnin tes, har da lambobin tabbatarwa. A Oktoban 2022 kamfanin ya sake samun irin wannan a YoWhatsApp, wadda aka riƙa tallatawa a cikin manhajar Snaptube, tana satar mabuɗan da ke ba wani damar sarrafa asusun mutum. A wannan watan Meta ya maka wasu kamfanoni uku na Sin, Hong Kong da Taiwan a kotu a Amurka, yana zarginsu da sace asusu fiye da miliyan ɗaya ta hanyar irin waɗannan manhajoji. A Nuwamban 2023 kuma Kaspersky ya bayyana wasu kwafin da aka yaɗa ta tashoshin Telegram, akasari tsakanin masu jin Larabci da harshen Azarbaijan, waɗanda ke kwashe lambobi da fayiloli, har su kunna makirufo su naɗi abin da ake faɗa a ɗaki. Ya ce ya tare hare-hare sama da 340,000 cikin wata guda, mafi yawa a Azarbaijan, Saudiyya, Yaman, Turkiyya da Masar.

Waɗannan rahotanni ba su nuna cewa kowane kwafi yana ɗauke da ɗan leƙen asiri ba, kuma mutum zai iya cewa ya shekara yana amfani da GB bai ga komai ba. Abin da suka tabbatar shi ne mai waya ba shi da hanyar bambance mai tsabta da mai guba, domin aikin manhajar leƙe shi ne kada a ga komai. Kwafin da yake lafiya yau ma ba shi da tabbacin gobe: duk bayan ɗan lokaci yana daina aiki, ya tilasta a koma wani shafi a sauko da sabo, kuma kowane sauke sabuwar caca ce. Akwai kuma tambayar da mai saƙon bai taɓo ba, wato da me masu wannan aiki suke cin abinci, tunda kyauta suke rabawa. A batun FMWhatsApp, ta kayan tallan da aka cusa a ciki Triada ta shigo.

A Najeriya da Nijar haɗarin ya wuce hira. Wayar da ake WhatsApp da ita ita ce ke karɓar saƙon banki da lambar tabbatar da tura kuɗi. Asusun da aka ƙwace kuwa, an san abin da ake yi da shi: a bi dangi da abokan mai shi ɗaya bayan ɗaya ana neman rance na gaggawa da sunansa, ko a shiga guruf ɗin da yake ciki a fara tallan wata harkar ninka kuɗi. Gwamnatoci suna kashe maƙudan kuɗi kafin su shiga cikin waya; a 2019 an yi amfani da manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila, a kan masu WhatsApp kusan 1,400. Mai ɗora GB yana buɗe wannan ƙofa kyauta.

Kuma ba shi kaɗai yake ɗaukar haɗarin ba. Hira ta mutum biyu ce, guruf na mutane da yawa ne. Matar da ta tura wa 'yar uwarta hoton jinjiri, ɗan kasuwar da ya tura lambar asusu, mara lafiyar da ya tura takardar gwaji, dukansu sun aika ne bisa amanar cewa saƙon yana kulle, ba su san wayar da ke ɗaya gefen tana yoyo ba. Waɗannan manhajoji suna ma alfahari da cewa suna riƙe saƙon da mai shi ya goge, suna adana hoton da aka aiko don a gani sau ɗaya. Abin da aka gina don ya karya sirrin wasu bai kamata a tallata shi da sunan kare sirri ba. Bayan duk wannan, kamfanin WhatsApp yana dakatar da lambobin da ya samu a kan irin waɗannan manhajoji, na ɗan lokaci ko na dindindin, abin da ke iya raba ɗan kasuwa da layin da duk masu sayensa suka sani.

Shawarar komawa Telegram ba ta kai wannan muni ba, amma ita ma ba daidai take ba. Telegram, wadda Pavel Durov da ɗan'uwansa Nikolai suka kafa a 2013, manhaja ce ta gaske, mai kyau wajen manyan tashoshi da tura manyan fayiloli. Sai dai hirarta ta yau da kullum da dukan guruf-guruf ɗinta suna ajiye ne a na'urorin kamfanin, ba a kulle daga waya zuwa waya ba. Irin wannan kulle sai an buɗe hirar sirri ta musamman, tsakanin mutum biyu kawai. A Satumban 2024, bayan an kama Durov a Faransa a watan Agusta, kamfanin ya sanar cewa zai iya ba hukumomi lambar waya da adireshin intanet na wanda ake zargi idan doka ta nema. Wanda ya bar WhatsApp ya koma Telegram don tsoron a karanta masa hira, ya gudu bai tsira ba.

Mai neman canji na gaske, Signal ce ta fi kusa da buƙatarsa. Gidauniya ce mara neman riba ke tafiyar da ita, wadda aka kafa a 2018 da dala miliyan 50 daga Brian Acton, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro WhatsApp. Babu talla, tsarin ginin manhajar a buɗe yake ga masu bincike, kuma komai a kulle yake har da guruf. Da wata kotun Amurka ta nemi bayanan wani mai amfani da ita a 2016, abin da aka samu a hannun kamfanin shi ne ranar da ya buɗe asusu da lokacin da ya hau na ƙarshe. Tana buƙatar lambar waya wajen rajista, amma tun 2024 ana iya hira da suna ba tare da an nuna lambar ba. Threema ta Suwizalan ba ta neman lamba sam, sai dai sayenta ake yi. Matsalar dukansu ɗaya ce: sai wanda za a yi magana da shi ya ɗora, kuma dangi da kasuwa suna WhatsApp. Shi ya sa mutane da yawa ke riƙe biyu, WhatsApp don harkar yau da kullum, Signal don abin da ya fi nauyi.

Yawancin abin da ya ja mutane zuwa GB ma yanzu yana cikin manhajar asali: kashe maki shuɗi, ɓoye lokacin hawa da kasancewa kan layi, saƙo mai gogewa da kansa, kulle wata hira da ɗan yatsa, da asusu biyu a waya ɗaya. Wanda ke da GBWhatsApp ko ire-irenta ya adana hotuna da takardun da yake buƙata, ya cire ta, ya sauko da ta asali daga Play Store. Daga nan ya duba jerin na'urorin da aka haɗa da asusunsa ya fitar da duk wadda bai sani ba, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu da lambar sirri mai alƙaluma shida, ya kunna kullen ajiyar hira. Idan yana harkar banki da wannan wayar, ya sauya lambobin sirrin bankin. Lambar da WhatsApp ke turowa ta tes kuwa, kada ya faɗa wa kowa, ko da wanda ya kira ya ce daga kamfanin yake ko shugaban guruf ne.