Harshen Miyobe da Matsalar Danginsa

A kan iyakar arewacin Togo da Binin, yamma da tsohuwar hanyar fataken Gwanja wadda ta ratsa Djougou, akwai wata ƙaramar al'umma da maƙwabta ke kira Soruba ko Solla. Mazauninsu ya haɗa da garin Solla a yankin Binah na Togo, da Anandana a ɓangaren Binin. Harshensu kuwa shi ne Miyobe.

Mai bincike zai tarar da sunan a rubuce iri-iri: Miyobe, Biyobe, Kuyobe, har ya zaci kuskuren marubuta ne. Ba haka ba ne. Saiwar kalmar ɗaya ce, watau -yobe, ɗafa-goshi ne kawai ke sauyawa bisa ga ajin sunan, yadda Bahaushe ke bambanta Bakano da Kanawa da Kananci, sai dai shi Bahaushe ya fi dogara ga ƙarshen kalma. A nan ne gardamar take. Yawancin harsunan Gur, irin su Moore da Dagbani, da ɗafa-ƙeya suke nuna ajin suna. Miyobe kuwa a goshi yake sa alamarsa.

An daɗe ana lissafa shi cikin reshen Gurma na harsunan Gur. Akwai dalili, gama harsunan Gurma su ma suna da ɗafa-goshi, ko da yake tare da ɗafa-ƙeya suke haɗa shi, ga kuma kusancin mazauni. Amma fa zama wuri ɗaya ba ya tabbatar da asali ɗaya, don kalmomi kan ƙetara daga maƙwabci zuwa maƙwabci ta hanyar kasuwa da auratayya. Har wa yau ga ginin jumla: a Miyobe karɓau kan riga aikatau zuwa, kamar a harsunan Mande da Senufo, alhali mafi yawan harsunan Gur aikatau suke gabatarwa.

Tchaa Pali ya bayyana nahawun harshen filla-filla cikin kundin digirinsa na Bordeaux a 2011. A 2018 kuma Tom Güldemann, sa'ad da ya sake auna rabe-raben harsunan Afirka, ya ga hujjar sa Miyobe cikin Gur ba ta isa ba. Sai ya bar shi cikin babban dangin Neja-Kwango, bai jingina shi ga kowane reshe ba.