Zafi da ƙidaya: matsalar kalmomi a kimiyyar molekil

Kalmar «zafi» a Hausa tana ɗauke da ma'anoni biyu waɗanda kimiyya ta rarrabe: kuzarin da ke ƙaura daga wani jiki zuwa wani, da kuma matsayin da ma'auni ke nunawa. Kafin a tsai da kalma ga kowanne cikin littattafan karatu, wajibi ne a san abin da ake raɗa wa suna.

Giram 18 na ruwa, wato kurɓi guda, ya ƙunshi molekil kimanin 6 × 10²³. Ba mahaluƙin da zai iya bin sawun kowanne. Dabarar da Maxwell ya ɓullo da ita a 1860, Boltzmann ya faɗaɗa, Gibbs kuma ya tsara cikin littafinsa na 1902, ita ce a koma ga ƙidaya: molekil nawa ne ke bisa kowane matakin kuzari? Yawan waɗanda ke kan mataki mai kuzari E yana tafiya da e^(−E/kT), inda T take matsayin zafi a ma'aunin Kelvin, k kuma adadin Boltzmann. Matakan ƙasa sun fi cika. Idan T ta hau, na sama su ma su samu nasu. Ashe matsayin zafi hali ne na taro, molekil guda ba shi da shi.

Ruwan randa shaida ne. Molekil mafiya kuzari su ne ke tserewa daga jikin yumɓu mai tsatsafa, sai matsakaicin kuzarin sauran ya ragu, ruwa ya yi sanyi. Azot da ke cikin iska kuwa, a digiri 25, yana gudun kusan mita 500 cikin sakan, yana juyawa, amma matakinsa na farko na girgiza yana da nisa ƙwarai: bai kai molekil ɗaya cikin 50 000 da ke hawansa ba.

Idan aka tara e^(−E/kT) na dukan matakai, za a samu abin da Faransanci ke kira fonction de partition. An so a ce «rabo», amma kunnen Bahaushe zai ji gado ko ƙaddara. Jamusanci ya fi dacewa da ya ce Zustandssumme. A ganinmu «jimillar matakai» ta wadatar. Haka nan «hargitsi» ba ta fassara anturopi: a cikin S = k log W, W yawan hanyoyin da kuzari zai iya rarrabuwa ne tsakanin molekil, abin ƙirgawa ne.